Jan Layi a Littafin Malam

Rana ta take tsaka, ƙasa ta ɗauki zafi har tana ƙona tafin ƙafa, amma Khairiyya na nan durƙushe a gonar Bappanta da ke bayan garin Gafasa, tana tsinkar gyaɗa ita kaɗai. Tun da hantsi sa'anninta suka wuce makaranta ta gefen gonar cikin fararen hijabansu, ta sunkuyar da kai don kada su ga idonta. Yatsunta duk sun yi kanta, cikinta kuwa babu komai sai guntun kunun da ta kurɓa da safe. Wayyo maraici! Yarinya 'yar shekara goma sha huɗu, uwa ta rasu tun tana goye, uba kuma watansa takwas ke nan a ƙasa. Amma wallahi ba yunwa ce ke cin ta ba, ba kuma zafin rana ba. Abin da ke cin ranta shi ne, wata bakwai cur ke nan kakarta, Inna Hanne, ba ta kira sunanta ba.

Mahaifinta, Malam Abdulmuttalib, malamin firamare ne, mutum mai sanyin hali. Wani ɗan bautar ƙasa da aka taɓa kawowa Ajingi ne ya koya masa darar Turawan nan da ake kira ces, abin kuwa ya shiga ransa har mutanen gari suna yi masa tsiya. Da hannunsa ya sassaƙa 'ya'yan wasan da icen kanya, farare da baƙaƙe, sarki da sarauniya, dawaki da limamai da soraye, da dakarun da ake jerawa a gaba. Yana da wani littafin rubutu mai kauri, wanda Inna da kanta ta ɗinka wa bango da ƙyallen koriyar atamfarta, domin shi ne ɗanta na fari, wanda ko sunansa ba ta faɗa saboda kunya. A cikin littafin nan yake rubuta wasanninsa, amma fa da irin tasa tsiyar: bai taɓa rubuta wasan da ya ci ba.

"Wasan da na ci ya tafi abinsa, Baiwa," haka yake ce wa 'yarsa, da sunan da Inna ta laƙaba mata tun tana jaririya. "Wanda aka ci ni, shi ne malamina."

Sai ya rubuta motsi bayan motsi, idan ya iso daidai inda ya yi kuskure ya ja layi da jan biro a ƙarƙashinsa, ya tsaya nan. Bayan La'asar kuma sai su shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya, shi ya ɗauki ɓangarensa da ya faɗi, ita ya zaunar da ita a mazaunin wanda ya kayar da shi, ya ce, "To, na yi kuskuren nawa. Hukunta ni!" Wasan da suka fi maimaitawa shi ne wanda wani gwani mai suna Maiwada ya ci shi a Gaya shekarun baya. Sun buga shi ya fi sau ɗari, kullum Malam yana dariya yana riƙe kai idan sarauniyarsa ta faɗa rami. Su biyu kaɗai suka san ma'anar jan layin nan.

Ƙaninsa Barau kuwa, bai taɓa zama a tabarmar nan ba sai dai ya wuce yana taɓe baki. Amma da aka fara shirya gasar yara a yankin, makarantu suka shiga neman mai koyarwa, sai ga Barau ya zama masanin ces da rana tsaka. Ciwon kwana huɗu ya ɗauke Malam, ba a yi sadakar arba'in ba Barau ya kwashe allon darar da 'ya'yan wasan ya kai wata makarantar kuɗi a Ajingi, inda aka ba shi aiki albarkacin sunan yayansa. Littafin ne kawai ya gagara, domin Inna ta ajiye shi a ƙarƙashin matashinta, tana shafa bangonsa idan kewar ɗanta ta taso. Idonta ya yi rauni, boko ma ba ta karanta ba, amma littafin nan shi ne abin da ya rage mata na Malam.

Wata safiya aka nemi littafi aka rasa. Aka ɗaga katifa, aka zazzage kwalla, babu. Can sai ga Barau ya shigo yana salati, riƙe da wata takarda da ta jiƙe sharkaf da mai, ya miƙa wa Inna a gaban duk mutanen gida.

"Inna, kin ga abin da 'yar lelenki ta yi! A wajen mai ƙosai na tsinto wannan. Rubutun Yaya ne, ga shi nan. Ta yayyage littafin ubanta ta kai ana naɗe ƙosai da shi, don kwaɗayin na bakin tukunya!"

"Bappa, wallahi ban taɓa ba!" Khairiyya ta zube a ƙasa tana kuka. "Inna, ki yarda da ni... Littafin Babana ne fa! Ta yaya zan..."

"Rufe mana baki, maƙaryaciya! Wa ke share ɗakin in ba ke ba?"

Inna ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Ta kai takardar kusa da idonta, ta ga irin jeren rubutun ɗanta, ta ninke ta a hankali ta ƙulle a bakin zaninta. Hawaye na bin kuncinta ta ce, "Ke yarinya, fitar min daga ɗaki." Tun daga ranar Baiwa ta koma "ke" da "yarinyar nan". Aka mayar da shimfiɗarta ɗakin da ake ajiye buhuna, Barau ya ce tunda ta iya ɓarna sai ta iya aiki, makaranta ta zama sai ranar da babu aikin gona. A rijiya mata na nuna ta da baki, yara na yi mata waƙar mai ƙosai. Ita kuwa ba ta da abin cewa sai, "Allah, Kai ne shaidata." Idan ta gaji a gona sai ta zana gidajen allon ces sittin da huɗu a ƙasa da yatsa, ta jera ɓawon gyaɗa da tsakuwa, ta buga wasan Gaya ita kaɗai, tana motsa wa mahaifinta nasa 'ya'yan tana kuka.

A haka Malama Halima Sadiya, malamarsu ta lissafi, ta iske ta a gonar ranar nan. Ta daɗe tsaye tana kallon ɓawon gyaɗar kafin ta ce, "Khairiyya, ranar Asabar akwai gasar 'yan mata a Gaya, na sa sunanki. Tashi mu je wajen Bappanki."

Barau ya yi dariya har da buga cinya. 'Yarsa Ummi, sa'ar Khairiyya, ita yake horarwa, kuma ya riga ya cika gari da cewa kofi nasu ne. "Wadda ta yi wata bakwai ba ta ga allo ba? Ku je mana, Malama! Gara ta sha kunya a gaban jama'a, ko ta san Annabi ya faku." Ranar Asabar ya ɗauko motar makarantar da yake koyarwa, ya sa Ummi a gaba, ya lallaɓa Inna ta shiga baya don ta ga jikarta ta gari ta ɗaga sunan gida. Ga wuri fili a motar, amma da Khairiyya ta matso sai ya ce ta cika. Inna ta kawar da kai. Sai a bayan wata motar buhunan gero ita da Malama suka samu wuri, motar ma ta mutu a hanya, suka ƙarasa da ƙafa, silifas ɗin Khairiyya ya tsinke ta riƙe shi a hannu. Da suka shiga ɗakin taron makarantar da ake gasar, an riga an danna agogon da ke ƙirga mata lokacin wasanta na farko, saura mata minti huɗu.

Ta zauna tana haki, ta yi bisimilla, ta ci wasan da saura minti ɗaya. Ta ci na biyu, ta ci na uku, ta ci na huɗu. Ummi ma, a faɗi gaskiya, yarinya ce mai ƙwaƙwalwa, ta kayar da duk wadda aka haɗa ta da ita. Bayan Azahar alƙalin wasa, wani dattijo mai farin gemu da tabarau, ya sanar da cewa wasan ƙarshe tsakanin 'yan gida ɗaya ne: Ummi da farare, Khairiyya da baƙaƙe. Aka jawo teburinsu tsakiyar ɗaki, jama'a suka kewaye. Barau ya sunkuya ya raɗa wa 'yarsa wani abu, ya koma kusa da Inna ya harɗe yana murmushi.

Ummi ta turo dakaren gaban sarauniya gida biyu. Khairiyya ta tare shi da nata. Ummi ta ba da dakare ɗaya kyauta ta gefe, Khairiyya ta ƙi ci, ta fito da limaminta. A motsi na huɗu gabanta ya faɗi. A na biyar kuwa Ummi ta fito da sarauniya tun da wuri ta ajiye ta a gefen hagu, daidai gidan da Malam ke ajiye tasa a gindin dalbejiya. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Wannan ai wasan Gaya ne! Buɗewar nan babu mai yin ta a yanzu, ba a koyar da ita a makaranta, wuri ɗaya kawai take a rubuce a duniya. Ashe littafin yana nan... Ashe ba a naɗe ƙosai da shi ba! Ta ɗaga kai ta dubi Ummi, Ummi ta sunkuyar da nata. Hawaye suka cika wa Khairiyya ido har gidajen allon suka haɗe, ta goge da bakin hijabi, leɓunanta na motsi tana karanta Hasbunallahu, hannunta kuwa na bin hanyar da ya bi sau ɗari.

A motsi na tara sarauniyar Ummi ta kutsa ta cinye dakaren da ke gaban dokin baƙaƙe. Barau ya tafa sau ɗaya da ƙarfi, ya zunguri na kusa da shi. Nan ne fa jan layin yake. Shi a tunaninsa, tunda Malam ya ja wa motsin layi da jan biro, to shi ne sirrin nasara, ko a waya bai wahalar da kansa ya duba ba. Khairiyya ta ji muryar mahaifinta kamar yana gabanta: to, na yi kuskuren nawa, hukunta ni. Ba ta yi tunanin daƙiƙa biyar ba ta tsallakar da dokinta bakin allo. Sarauniya ta ja da baya gida ɗaya. Sai Khairiyya ta ɗauki limaminta ta mayar da shi gidansa na asali, inda ya fito tun farko. Wasu suka yi dariya, wai ta rikice. Masana kuwa suka yi tsit, domin duk inda sarauniyar Ummi ta duba, ƙofa a rufe take.

"Ƙarya ne!" Barau ya miƙe yana ihu. "A tsayar da agogo! Ranka ya daɗe, yarinyar nan maguɗi take yi! Ba ku ga bakinta na motsi tun ɗazu ba? Akwai ɗan abin nan na waya a kunnenta, a cikin hijabi, wani ne ke faɗa mata daga waje! Na san halinta, a gidana take, ɓarauniya ce tun fil'azal!"

Ɗaki ya kaure da hayaniya. Malama ta yi rantsuwa har muryarta ta dishe, amma doka ce, tunda an yi ƙara sai an bincika. Mata biyu suka shiga da Khairiyya wani ofis, suka cire mata hijabi, suka warware ɗankwali, suka duba kunne da kitso da lalitar siket, tana tsaye cikin kunya. "Allah Ka gani," kawai take maimaitawa, "Allah Ka gani..." Da suka fito, babbar cikinsu ta ɗaga wani abu sama, ita ma idonta ya yi ja.

"Babu waya, babu komai. Wannan kaɗai muka samu ɗaure a wuyanta da zare." Tsohon jan biron mahaifinta ne, tawadarsa ta daɗe da ƙarewa.

Mai hankali da ya zauna a nan. Amma wanda Allah Ya tashi tona wa asiri, ƙafarsa ce ke kai shi. Barau ya taho tebur yana kumfar baki. "To in ba maguɗi ba, ta yaya? Motsin da 'yata ta yi ba a kayar da shi! Na gwanin gwanaye ne, da hannunsa ya ja masa layi, ga shi nan ku gani!" Ya cusa hannu a aljihun babbar rigarsa, ya fizgo littafi mai koren bango ya buga a kan tebur. Sai da ƙarar ta fita sannan ya gane abin da ya yi.

Alƙalin wasa ya ɗauki littafin, ya gyara tabarau, ya karanta saman shafin a hankali. "Gaya... da Maiwada." Ya cire tabarau ɗin, ya dubi Khairiyya. "'Yata, 'yar wace ce ke?"

"'Yar Malam Abdulmuttalib na Gafasa ce, Baba. Ya rasu."

"Allahu Akbar... Allah Ya jiƙansa. Ni ne Maiwadan." Ya dafa shafin. "Tun a motsi na biyar nake cewa a raina, na san wasan nan. Shekara goma sha ɗaya ke nan, a garin nan na ci shi da wannan dokin da wannan limamin. Ya riƙe hannuna yana dariya, ya zaro jan biro ya ce bari ya ja wa wautarsa layi don kada ya sake. Malam Barau, littafin faɗuwa ka haddace wa 'yarka! Duk inda ka ga ja a nan, rami ne. Yarinyar nan ba ta yi maguɗi ba, darasin ubanta ta biya."

"Wane littafi ake magana?"

Inna Hanne ce, ta taso tana dogara sanda, mutane na darewa. Barau ya tare ta yana in'ina, "Inna, wani ne daban, na makaranta ne..." Ta ture shi da sandar. Alhaji Maiwada ya sa mata littafin a hannu. Ba ta buƙaci ido ba. Yatsunta suka bi bangon, suka tsaya a kusurwar da ta taɓa yi wa ƙari da baƙin zare ranar da koren ya ƙare mata. Ta kwance bakin zaninta, ta fito da takardar nan mai mai da ta yi wata bakwai tana ɗauke da ita, ta miƙa wa dattijon. "Alhaji, duba min ko akwai inda aka yage." Ya buɗe shafuka, can wajen tsakiya ya samu gurbin, ya ɗora takardar. Ta zauna daram, haƙori da haƙori.

Ummi ta fashe da kuka ta kife kai a tebur. "Inna, ki yafe min! Ina gani Baba ya yage shafin ya shafa masa man gyaɗa a zaure... Ya ce in na faɗa ba ni ba shi. Kullum na ga Khairiyya a gona sai in kasa cin abinci!"

Jama'a suka ɗauki salati. Nan take Alhaji Maiwada ya ce a fitar da Barau, ya ce ba zai ƙara taka ɗakin gasa ba muddin shi ne alƙali. Mai makarantar da yake wa aiki, wanda ke zaune a sahun gaba, ya karɓe makullin motar makarantar a bakin ƙofa, ya ce allon marainiya ma gobe za a mayar mata. Amma duk wannan bai kai maganar Inna ciwo ba. "Barau," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "ba zan yi maka baki ba, don ni na haife ka. Amma ka raba ni da marainiya wata bakwai, ka sa na kori jinin yayanka daga ɗakina. Je ka, kai da Allah." Ya fita yana haɗa hanya, ya bi titi neman motar haya. Har yau a Gafasa, idan ya wuce majalisa, sai ka ji wani ya yi gyaran murya ya ce, "Ga Jan Layi nan."

Aka sake danna agogo. Ummi ta dubi allon ta cikin hawaye, ta kwantar da sarkinta alamar ta sallama, ta miƙa hannu. Khairiyya ba ta karɓi hannun ba, tasowa ta yi ta rungume ta, suka yi ta kuka tare. Aka kira sunanta, aka miƙa mata kofi, ana ta tafi, amma ita idonta na kan tsohuwar da ke zaune a benci rungume da koren littafi. Ta ajiye kofin a hannun Malama, ta tafi da silifas ɗaya ta durƙusa a gabanta.

Inna ta lalubo fuskarta da hannu biyu, ta sauko ta kama yatsun nan da suka yi kanta, ta shafa su ɗaya bayan ɗaya.

"Baiwa... Baiwata. Na zalunce ki. Ki yafe wa tsohuwa."

"Ba ki yi min komai ba, Inna. Ƙara faɗa kawai... don Allah ƙara kiran sunan."

"Baiwa," in ji Inna, tana kuka tana sa mata littafin a cinya. "Tashi mu tafi gida, Baiwa. Yau a ɗakina za ki kwana."